Satar Iska a Bayan Asibiti

Mai shara ce ta fara ganin ɓarnar. Ta zagaya bayan asibiti da safe za ta zubar da ruwan bokiti, sai ta tarar an yanke shingen waya an naɗe shi gefe, ƙofar rumfar tukwane kuma a wangale. Ta saki bokitin ta kwasa da gudu tana kiran Sista, babbar ma'aikaciyar jinya.

Kafin hantsi rabin unguwa ya hallara a bakin shingen, kowa da wanda yake zargi.

Asibitin ƙarami ne, kuma ya daɗe da fidda rai da wutar gwamnati. Fayafayan sola da ke kan rufi su ne ke ba shi wuta da rana. Abin da ya yi saura sai a tura shi wani inji ya raba ruwa gida biyu, a ɗebi wata iska mai suna haidirojin a ɗura a manyan tukwanen ƙarfe jajaye da ke jere a rumfar baya. In rana ta faɗi, ko hadari ya rufe sama, sai wani akwati ya riƙa shan iskar yana ba da wuta, ba hayaƙi ba ƙara. Shi ya sa mutanen unguwa suka sa masa suna Bebe. Tun rani ake tara iskar nan saboda damina. Yanzu ga daminar ta kankama, an kwana biyu ba a ga fuskar rana ba, kuma Bebe ya tsaya.

Ba sai an aika neman Baba Mai Sawu ba, yana cikin asibitin. A kan benci yake wuni a ƙofar ɗakin jarirai, domin autarsa ta haifi bakwaini, an sa shi a kwalba. Tun yana saurayi yake bin sawun dabbobin da aka sace, daga baya aka koma kiransa in babur ya ɓata ko an fasa shago. Yanzu ido ya fara raunana, gwiwa ma haka, amma har yau in abu ya ɓata shi ake fara tunawa.

Sufeton 'yan sanda ya same shi a kan bencin.

“Baba, ka taimaka ka zo ka duba mana ƙasa kafin mutanen nan su tattake ta.”

Baba ya leƙa ta gilashin ƙofa. Fitilar kwalbar tana nan a kunne. Ya ɗauki sandarsa ya bi shi.

A cikin rumfar suka tarar da Injiniya, matar da ke kula da injinan, a tsugune ta dafe kai da hannu biyu. Tukwane na nan a jere sai gurbin guda ɗaya a ƙarshen layi. Siririn bututun da ya haɗa su duka ya karye a daidai gurbin, bakinsa a murɗe.

“Guda ɗaya kawai aka ɗauka?” in ji Sufeto. “To da sauƙi.”

“Babu sauƙi, Yallaɓai.” Ta nuna masa agogon awo, allurarsa a kwance. “Duk a haɗe suke. Da bututun ya karye, sauran ma suka zube. Babu komai a cikinsu yanzu.”

Baba ya dubi ƙasa ya dubi sama. “Suka zube ina, 'yata?”

“Sama, Baba. Ba ta da nauyi, ba ta da launi, ba ta da wari. In ta samu ƙofa ko kamar ta allura ce sai ta fice. Wahalarta ke nan, yin ta bai kai riƙe ta wuya ba. Allah ne ma ya tsare rumfar a buɗe take, da wani ya ƙyasta ashana a nan da wani labarin ake yi.”

“Batiran fa?”

“Su ke riƙe da kwalba yanzu. Na kashe komai na bar ɗakin jarirai kawai. In hadarin nan bai washe ba, ba za su kai dare ba.” Ta miƙe tsaye. “Kuma wadda aka ɗauka, ina jin a cike take, don ita kaɗai na bar bakinta a rufe. In tana ɗakin da ake hura wuta, gidan da na maƙwabta duk suna cikin haɗari.”

Baba ya fita ta inda aka yanke shingen, ya sunkuya. Ruwan daren jiya ya wanke kusan komai, ƙafafun 'yan kallo sun ƙarasa sauran. Sai a gefen magudanar ruwa, inda ƙasa ke da laka, ya ga layi biyu sirara sun nutse, sun nufi lungu.

“Keke ne,” in ji wani daga cikin taron.

Baba ya sa yatsa ya auna faɗin tayar. “Tayar keke ce,” ya ce. “Ɗaya zuwa, ɗaya komawa.”

Maganar ta bi taron kamar wutar kara.

Maigadi yana zaune a kan kujerarsa a bakin ƙofar gaba, ya cire hula ya riƙe a hannu.

“Ina kake lokacin da ake ruwa?” Baba ya tambaye shi.

“Wallahi, Yaya, ina ɗakin mata ina tara bokitai. Rufin nan yana yoyo a kan gadaje. Sista ce ta kira ni, ka tambaye ta.”

“Ba ka ji komai ba?”

“Na ji wani fito mai tsawo, kamar butar shayi ta tafasa. Na ce iska ce ke kaɗa wayoyi. Ya daɗe yana yi, sannan ya yi ta raguwa har ya ɗauke.” Ya murza hular. “Ashe ita ce take tafiya ina ji. Da na zagaya ma me zan yi? Da hula zan tare ta?”

“Waye ke yawan zagaya baya?”

“Mai Gwangwan yakan zo da kekensa neman gwangwanaye. Mai Walda kuma ya taɓa tambayata ko za a sayar masa da tukunya in ta tsufa. Amma ni ban ce su ne ba.”

Bai ce ba, amma waɗanda ke tsaye kusa sun ji.

Baba ya bi layin tayar cikin lungun. Yakan ɓace a kan tsakuwa, ya sake bayyana a gefen kududdufi. Da lungun ya faɗa titin kwalta, sai komai ya ƙare. Ya yi gaba ya yi baya, ya tsuguna har gwiwarsa ta yi ƙara. Kwalta ba ta riƙe sawun kowa.

A bakin lungun akwai shagon Tela, wani siririn mutum mai furfura a gemu wanda ya daɗe yana ɗinka wa unguwar kaya. Ƙofar shagon rabi a buɗe take. Yana zaune a gaban keken ɗinkinsa amma ba ya ɗinki.

Baba ya leƙa ya ce, “Maƙwabci, an tashi lafiya? Ya mai jiki?”

“Da sauƙi za a ce,” in ji Tela. Idanunsa sun yi ja. Kowa ya san matarsa ta daɗe tana fama da ciwon huhu. “Numfashin ne dai. Ba ta kwanciya sai a jingine.”

“Allah ya kawo sauƙi. Shagonka na kallon lungun nan. Ba ka ga mai keke da kaya ba?”

“Ni da ban rufa ido ba saboda ita, ina na ga ta kallon titi?” Ya gyara zama. “Wai da gaske ne an ce wutar asibiti za ta ɗauke?”

“Haka Injiniya ta ce.”

“Saboda tukunya ɗaya?”

“Haka ta ce.”

Tela ya sunkuyar da kai yana jan wani zare daga hannun rigarsa. Baba ya yi masa sallama ya wuce.

Baba da Sufeto suka samu Mai Gwangwan a filinsa, tsakanin tulin tsofaffin ƙarafa, yana shan rake. Da ya ga ɗan sanda sai ya ɗaga hannu biyu sama, raken na hannu ɗaya.

“Yallaɓai, tun safe nake jiran ku. In aka sace cokali a garin nan ni ake fara nema, bare tukunya.”

“Ina kekenka?” in ji Baba.

Ya nuna shi a jingine da bango. Baba ya zagaya shi. Tayar baya babu iska, sarƙa a tsinke tana lilo, gizo-gizo har ya yi saƙa a tsakanin wayoyin ƙafar.

“Keken nan ni ma ba ya iya ɗauka ta, Baba, ni nake ɗaukarsa. Ka taɓa ɗaga tukunyar nan? Ta fi surukata nauyi, kuma surukata ba ƙaramar mace ba ce.”

Sufeto ya sa aka bincike filin duk da haka. Aka ɗaga kwanon rufi, aka kifar da durom-durom. Babu komai sai kunamu. Suna cikin haka wata mata ta shigo da gudu, mayafinta a hannu.

“Ku zo, za su kashe Mai Walda!”

Kafin su isa an riga an yi abin da za a yi. An farfasa ƙofar shagon, an watso kayan aiki a titi. Babban janaretan da yake walda da shi an kifar da shi cikin kwata, an rotsa masa kai da bulo, baƙin mai na bin ruwa. Mai Walda na zaune a ƙasa, jini na zuba daga girarsa, wasu dattawa biyu sun tsaya a kansa suna kare shi. An fito da tukwanen gas ɗinsa an jera a titi a matsayin shaida.

Injiniya ta iso tana haki. Ta dubi tukwanen sau ɗaya.

“Ba tamu a ciki. Nasa ne.” Sai idonta ya faɗa kan janaretan da ke cikin kwata. Ta tsaya cak. “Wannan nake shirin zuwa aro. Shi kaɗai ne a unguwar nan zai iya riƙe ɗakin jarirai. Na gwada ƙananan guda biyu, wutarsu rawa take yi, kwalbar ba ta karɓa.”

Waɗanda ke gaba-gaba suka fara ja da baya suna kallon ƙafafunsu.

Ta ciro guntun bututun da ya karye daga aljihunta ta miƙa wa Mai Walda. “Kawu, dubi wannan ka gaya wa Sufeto abin da ka gani.”

Ya share jini da bayan hannu ya juya ƙarfen. “Wanda ya yi wannan bai san aikin gas ba. Notin iska mai kama wuta bahago ne, Yallaɓai. Inda kake murɗa kowane noti ya kwance, shi nan yake ƙara ɗaurewa. An yi haka ne don kada a haɗa shi da abin da ba nasa ba. Mutumin nan ya yi ta murɗawa yana ɗaure shi, da ya ga ya ƙi sai ya sa ƙarfi har bututun ya karye.” Ya mayar mata. “Ni da na so sata, da na kwance shi da yatsa biyu, ko Maigadi ba zai ji ba.”

“Za ka iya gyara bututun?” in ji Baba.

“Da me? Ko da kayana na nan, ba a yi wa irin wannan walda. Sai an kawo sabo.”

“Na kira kamfanin,” in ji Injiniya. “Sun ce sai an yi odarsa daga waje.”

Azahar ta wuce Baba ya koma bencinsa. An kashe fitilun baranda da fankoki, asibitin ya yi duhu-duhu kamar magariba, ga ruwa ya sake tsinkewa. Auta ta fito daga ɗakin jarirai tana dafa bango, ta zauna kusa da shi.

“Baba, an samu?”

“Ba a samu ba tukuna.”

“In an samu wutar za ta dawo?”

Ya so ya ce mata e. “A'a, Auta. Ko an samu ba za ta dawo yau ba.”

“To me ake nema?”

Ta ɗora kai a kafaɗarsa kamar lokacin da take ƙarama. Ta ce Sista ta kira babban asibitin birni, za su turo mota, amma hanya ta lalace, ba a san lokacin da za ta iso ba. Ta ce yaron ko kuka ba ya iya yi, bakinsa kawai yake buɗewa.

Da ta koma ciki, Baba ya zauna yana kallon ƙasa, don ba abin da ya iya sai wannan. Mai shara tana goge ruwan da ya yoyo a baranda. Wani ma'aikaci ya turo wata tsohuwa a keken marasa lafiya, suka wuce ta kan jiƙaƙƙen siminti. Tayoyin suka bar layi biyu sirara a bayansu. Baba ya bi layin da ido har inda suka sha kwana. Layin biyu suka sha kwanar tare, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Ya miƙe har sandarsa ta faɗi.

Ya fita cikin ruwan ba lema, ya koma gefen magudanar. Sauran sawun na nan kaɗan a ƙarƙashin inuwar katanga. Ya kwantar da sandarsa a tsakanin layin biyu, ya matsa gaba ya sake kwantar da ita. Daidai. Mai keke in ya je ya dawo, sawunsa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa haka, kuma tayar gaba da ta baya sukan haɗu su rabu. Waɗannan ba su taɓa haɗuwa ba. Da bakinsa ya ce keke ne, kuma da maganarsa aka je aka fasa kan Mai Walda.

Ya samu Sista a ofishinta.

“Keken marasa lafiya nawa gare ku?”

“Biyu ne. Ɗaya na nan, ɗaya mun ba da aro.” Ta ɗago kai. “Lafiya, Baba?”

“Wa kuka ba?”

Ta faɗa masa. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofar, ruwa na ɗiga daga rigarsa.

Sufeto ya riga ya tara mutane a ɗakin jira: Maigadi, Mai Gwangwan, Mai Walda da filasta a gira, da Tela wanda aka kira don shagonsa na kallon lungu. Jama'a sun cika tagogi. Injiniya na tsaye a gefe tana duba waya.

Baba ya shigo yana tura keken marasa lafiya, tayoyinsa a jiƙe. Ya tura shi daga wannan bango zuwa wancan, ya juyo, ya tsaya.

“Da safe na ce muku sawun keke ne,” ya ce. “Na yi kuskure, kuma kuskuren nan ya jawo wa bawan Allah nan abin da kuke gani. Ka yafe mini.” Mai Walda ya kawar da kai. Baba ya nuna ƙasa da sanda. “Irin wannan sawun ne a bayan rumfa. Wanda ya ɗauki tukunyar ba shi da ƙarfin saɓa ta, sai ya zaunar da ita a kujera ya tura. Bai taɓa wayar tagulla ba, bai taɓa batir ba, alhali su ne ke da kasuwa. Ba ɓarawo ba ne da ya saba. Kuma bai san abin da ke cikin tukunyar ba.”

Ruwa ya ci gaba da dukan kwanon rufi.

“Asibitin nan keke biyu gare shi,” in ji Baba. Bai dubi kowa ba. “Maƙwabci, ina ɗayan?”

Tela ya kafa wa keken ido.

“Iskar numfashi ce,” ya ce a hankali. “Ranar da aka buɗe wurin nan ina tsaye, da kunnena na ji Injiniya ta ce injin yana raba ruwa, yana fitar da irin iskar da ake sa wa marasa lafiya. Da aka sallame mu aka ce iskar da ke akwai ta jarirai ce, ba za ta isa a ba mu ta gida ba. Kullum ina wucewa ina ganin tukwane a jere an kulle. Jiya ta shiɗe a hannuna, na ɗauka ta tafi. Na ce guda ɗaya kawai, in ta samu sauƙi in dawo da ita.”

Injiniya ta saki wayar a kan benci. “Waccan iskar ba ma tara ta, Kawu. Sakinta muke yi, ba a tace ta yadda mutum zai shaƙa ba. Ta cikin tukwanen ɗayar ce, mai kama wuta.” Muryarta ta sauya. “Ka sa mata?”

“Tiyon ya ƙi shiga. Tun asuba nake fama.”

“Tana ina yanzu?”

“A gefen gadonta.”

“Akwai wuta a ɗakin?”

“Na hura mata gawayi saboda sanyi.”

Injiniya ta riga kowa fita.

Gidan Tela ɗaki biyu ne a bayan shagon. Injiniya ta tsayar da kowa a waje, ta ce kada wanda ya taɓa makunnin fitila ko ya kunna waya. Ta cire takalmanta ta shiga ita kaɗai. Baba na hango ta daga bakin ƙofa. Ta ɗauki kaskon gawayin da tsumma ta fito da shi cikin ruwan sama, ta koma ta buɗe tagogi duka. Tukunyar ja na zaune a keken marasa lafiya, an ɗaure ta da ƙyallen atamfa, an naɗa wa bakinta tiyon roba da zaren ɗinki. Injiniya ta shafa kumfar sabulu a bakin ta tsaya tana kallo. Ta daɗe. Sannan ta sauke numfashi.

“A rufe take. Ku zo ku kama mini a hankali.”

Matar Tela na jingine da matasai uku, ƙirjinta na hawa da sauka da ƙyar. Ta bi tukunyar da ido ana fita da ita.

“Ina za ku kai ta?” ta ce. “Ya ce mini in an jima zai gyara.”

Sista ce ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannunta.

A waje jama'a sun taru, amma ba wanda ya ɗaga murya. Mai Walda ya zo ya tsaya gaban Tela, ya dube shi, ya juya ya tafi.

Baba ya matsa kusa da Injiniya. “Wannan ɗin a cike take. Ba za ta riƙe kwalba ko na dare ɗaya ba?”

“Za ta riƙe har fiye. Amma ta ina zan haɗa ta, Baba? Bututun ya karye. In na yi dabara ta yoyo a kusa da ɗakin jarirai, na kashe su duka.” Ta share fuska da gefen mayafi, ba a san ruwan sama ba ne ko hawaye. “Ga ta a hannuna, kuma ba ta da amfani.”

Motar birni ta iso da la'asar sakaliya, duk jikinta laka. A lokacin fitilar kwalbar ta fara ƙiftawa. Aka naɗe jaririn aka manna shi a ƙirjin uwarsa, aka rufa su da bargo, aka sa masa 'yar robar iska a hanci. Sista ta tambayi ma'aikacin motar ko akwai wurin mutum ɗaya, babba, mai ciwon huhu. Ya ce gado ɗaya ne, tukunyar iska ɗaya ce, ita ma ba a cike take ba. Ta gyaɗa kai.

Auta ta leƙo ta taga. “Baba, ba za ka zo ba?”

“Babu wuri. Ki kira ni in kun isa.”

Motar ta tafi tana tangaɗi a cikin ramuka.

Sufeto bai kai Tela ofis ba a ranar. Ya ce in ya kulle shi babu mai ɗaga matar, kuma ba shi da ɗan sandan da zai ajiye a ƙofa. Ya roƙi Baba ya zauna da shi zuwa safe.

Suka zauna a kan dakalin ƙofar gidan, tsakaninsu tazarar mutum ɗaya. Ruwa ya koma yayyafi. Daga cikin ɗaki ana jin numfashin matar, kowane ja kamar ana yaga tsumma. Baba ya ajiye wayarsa a kan gwiwa. Cajinta ya kusa ƙarewa, kuma babu inda zai sa ta a unguwar.

“Da ka zo shagona da safe na so in faɗa maka,” in ji Tela. “Bakina ya ƙi.”

Baba ya juya wayar a kan gwiwarsa.

“Ban san jikanka ne a ciki ba sai da rana.”

“Da ka sani fa?”

Tela ya ce, “Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban sani ba.”

Baba ya nemi fushin da ya yini yana tarawa, ya rasa inda zai ɗora shi. Ya ci gaba da kallon wayar.

Gari ya fara duhu ta yi ƙara. Muryar Auta ce, tana yankewa.

“Baba, mun iso. Sun sa shi a kwalba. Likita ya ce jikinsa ya yi sanyi sosai, sai an ga yadda zai kwana, amma yana numfashi. Baba, kana ji na? Yana…”

Wayar ta mutu.

“Yana numfashi,” in ji Baba.

Tela ya rufe fuska da tafin hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza. Daga ciki matar ta kira shi da wata 'yar siririyar murya, ta ce ya zo ya ɗaga mata matashi. Ya goge ido da hannun riga, ya gyara murya don kada ta gane, ya shiga.

Jaririn ya rayu, ko da yake ya daɗe a birni. Matar Tela ba ta kai ƙarshen makon ba. Bayan rasuwarta da kansa ya je ofishin 'yan sanda ya zauna a kan benci har aka zo aka tambaye shi abin da ya kawo shi. Sabon bututun bai iso ba sai da damina ta yi nisa, kuma duk tsawon lokacin asibitin na rufe ɗakin haihuwa da zarar rana ta faɗi.

Daga baya an zo neman Baba a kan wani babur da ya ɓata. Ya ce a gaya musu idonsa ba ya gani sosai yanzu.